Gaisuwar Dattijo a Tashar Zakirai

A tashar Zakirai, wani dattijo na zaune kan buhun gero, ƙafafunsa duk faso, ya riƙe waya hannu biyu kamar ƙwai. Saƙon murya yake aikawa.

"Juwairiyya, kin tashi lafiya?" Sai ya yi shiru. "Ya karatu?" Ya sake yin shiru. Ina jin 'yarsa ce a makarantar birni, muryarta yake marmari.

Ni kuwa bakina ba ya haƙuri. "Baba, ai ba ta jin ka yanzu!"

"To in ban bar mata wuri ba, ina za ta amsa?"

Wayar ta yi ƙara. Hoton babban yatsa kaɗai ta turo. Ya miƙo min.

"Ɗana, ina ake dannawa ya yi magana?"