Hujja Shafi Uku, Daga Kazaure Zuwa Babura

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Asabar na fito daga gidana a Kazaure, da jaka ɗaya a kafaɗa. A cikinta akwai kayan canji, da ƙamus na Turanci mai nauyin bulo, da takarda shafi uku da na rubuta hujjojina a kai. Maiɗakina ta rako ni zaure tana tambaya ko haƙuri zan je bayarwa. Na ce mata a'a, bayani zan je yi. Ta yi mini fatan sauka lafiya, ta rufe ƙofa da ɗan ƙarfi fiye da yadda ta saba.

Ga abin da ya fitar da ni. Sunana Habu, malamin Turanci ne ni a wata sakandare. Mu da muka gama makaranta tare muna da guruf a waya. Wata rana Sabo, aminina tun muna aji ɗaya, mutumin Babura, ya sa hotonsa a kasuwar hatsi, ya ƙwama baƙin tabarau, ya jingina da buhunan gero. Ni kuma don raha na rubuta masa kalmar nan ta Turanci da fararen Amurka ke wulaƙanta baƙar fata da ita, wadda yanzu mawaƙansu baƙaƙe ke jifan juna da ita. Mutum goma sha ɗaya suka sa hoton dariya. Sabo kuwa ya fice daga guruf, ya daina ɗaukar wayata, har sati uku.

Sai gardama ta kaure, wasu suna cewa wariyar launin fata na yi, wasu suna cewa ba ita ba ce. Matsayina a fili yake: na fi Sabo baƙi nesa ba kusa ba, to ta ina baƙi zai nuna wa baƙi wariya? Na yanke shawarar in je har Babura in fahimtar da shi, amma in fara biyawa Roni da Gwiwa in tara goyon baya, don kada ya ce ra'ayina ne ni kaɗai.

Asabar, Roni

Motar Roni ba ta cika ba sai bakwai saura. Mu huɗu a gaba har da direba, ni ina zaune rabi a kujera rabi a kan giya. Bakwai da rabi muka sauka, rana ta fara haska duwatsu. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na nufi gidan Alhaji Kabiru, shugaban guruf ɗinmu, ma'aikacin ƙaramar hukuma, fari dogo, jikan masu sarauta.

Ban kai ƙarshen shafi na ɗaya ba ya tare ni. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, shi tun farko yana bayana. Sabo ne ya cika ɗaukar zafi. Na ji daɗi ƙwarai, na gyara zama.

"Ai abin dariya ne," in ji shi. "Da ni na faɗa, sai a ce wani abu. Amma ku da kuke duk gawayi ɗaya, wa zai yi wa wani gori? Kakata cewa take irinku ko fitila aka kunna sai an laluba."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, don goyon baya na zo nema kuma ga shi na samu. Sai dai furar da aka kawo mini, mai kyau ce da nono kindirmo, ta ƙi wucewa yadda ya kamata. Na ce wa kaina tsami ne ya yi mata yawa. Goma da minti ashirin na yi masa sallama.

Gwiwa

Babu motar da ke da niyyar tashi, sai na hau acaɓa. Mun ratsa gonakin dawa da suka sunkuyar da kai, da riɗi da aka yanke aka jingine, muka tsallaka wani rafi ina riƙe da takalmana a hannu. Sha biyu saura muka shiga Gwiwa, ƙamus ya gama daka mini haƙarƙari.

Malam Dauda na je gani, wanda ya koya mana Turanci ni da Sabo, yanzu ya yi ritaya ya koma noma. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardata. Ya aika aka ɗauko masa tabarau da jan biro. Ya fi rabin awa yana karantawa a gindin darbejiya, ni ina tsugune kamar yadda nake yi shekara talatin da suka wuce. Ya gyara mini kalma biyu, ya zagaye wata jimla da ya ce ta yi tsawo, ya rubuta bakwai bisa goma a ƙasa.

Na tambaye shi ko ranka ya daɗe ya yarda ba wariya ba ce. Ya ce hujjojin sun tsaya da ƙafarsu, musamman inda na nuna cewa kalma tana canza ma'ana gwargwadon bakin da ta fito. Sannan ya mayar wa biro murfinsa.

"A takarda ka ci," in ji shi. "Sai dai Sabo bai zauna wannan jarrabawar ba."

Na ɗauki rabin farko na maganar na sa a aljihu, rabi na biyu na bar masa a gindin bishiya. Sauran yinin a gonarsa muka yi, yana ba ni labarin tsutsar da ta ci masa wake. Aka yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, na kwana a ɗakin baƙinsa.

Lahadi, hanyar Babura

Shida daidai na bar Gwiwa. Sai da na dawo Kazaure na canza mota, kuma na zauna can ƙuryar bas don kada wani ya gan ni ya kai wa maiɗakina labarin cewa har yanzu ban wuce garinmu ba. Takwas da kwata muka tashi, muka bi ta Achilafiya, inda aka ɗora mana buhu huɗu da akuya ɗaya.

Kafin Kanya Babba na riga na buɗe wa fasinjoji shari'ata, don malami ba ya ganin mutane a zaune ya ƙyale su. Direba ya tambayi abin da kalmar take nufi. Na ce masa ba ta da Hausa. Ya ce to in dai ba ta da Hausa ai ba zagi ba ce, shi zagin da bai ji ba bai taɓa hana shi barci ba. Wani Banijare mai canjin sefa ya goyi bayansa. Na ƙirga su cikin magoya bayana, na saya wa kowa rake a Kanya Babba.

Gab da Babura 'yan kwastan suka tsayar da mu. Ɗaya ya ɗaga jakata, ya ji nauyi, ya ce a buɗe. Da ya ga ƙamus ne ya juya shi gaba da baya, ya ce Malam a wuce, wannan ko kyauta aka ba shi ba ya so. Sha ɗaya saura minti goma muka shiga tasha.

Babura

Sabo ba ya gida, an ce ya tafi ƙauye awon gero, sai azahar. Mahaifiyarsa na tarar, Inna, wadda na sha cin dambunta lokacin da nake zuwa hutu gidan. Ta tsufa, idonta ya rage gani, amma ta gane muryata tun daga sallama. Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfarta. Bayan gaisuwa da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta ce ta san akwai abin da ya shiga tsakanina da Sabo, don kwana biyu ya yi ba ya cin abincin kirki, kuma da ta matsa masa cewa ya yi Habu ne ya kira shi da wani suna.

Na ce wasa ne, Inna, kalmar Turanci ce. Ta ce ita ba ta je boko ba, in faɗa mata da Hausa. Na ce ba ta da Hausa. Ta ce ba ni ne malamin da ake biya don ya mayar da Turanci Hausa ba? Na laluba jaka, na taɓa ƙamus, na fasa.

Na ce ma'anarta baƙi.

Inna ta yi dariya. Ta ce to ƙarya na yi? Ai baƙi ne, ubansa ma baƙi ne, ni kuwa na fi su duka. Ga hujjata ta shafi na ɗaya ta fito daga bakin uwar mai ƙara, ba tare da na roƙa ba. Da a nan maganar ta tsaya, da na dawo Kazaure da nasara.

"Amma wannan ba zai hana Sabo cin tuwo ba," in ji ta. "Akwai saura. Ƙarasa mini."

Na yi shekara goma sha tara ina tsayawa gaban aji, ban taɓa neman kalma na rasa ba sai a rumfar nan. Ba rasa ta na yi ba ma, tana nan a bakina, fitar da ita ne ya gagara. Daga ƙarshe na sunkuyar da kai na ce ana nufin baƙin bawa, wanda bai kai mutum ba.

Inna ta gyara zama. Sannan ta tambaye ni ko Sabo ya taɓa ba ni labarin zamansa a Libiya. Na ce na san ya yi shekara shida yana aikin gini, ya dawo a rame, ya ce zazzaɓi ne. Ta ce ba zazzaɓi ba ne. Wasu mutane ne suka kama shi a hanyar dawowa, suka kulle shi wata huɗu a wani gida tare da wasu. Sukan bugo mata waya don ta ji ana dukansa, har sai da aka sayar da gonar gado aka karɓo shi. Ba ta jin Larabci, saboda haka akwai mai fassara a wajensu, shi yake ce mata ga bawanku nan, in kuna sonsa ku yi sauri.

"Hausarsa tas, kamar ta Kano," in ji Inna. "Da Sabo ya dawo na tambaye shi, ya ce mini yaron baƙi ne wuluk. Kamar kai."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tana gama faɗa ta ƙwala wa matar Sabo kira a kawo mini ruwa, don ta ji muryata ta bushe.

Ɗaya da rabi Sabo ya dawo, duk jikinsa ƙaiƙayi. Ya gan ni, ya tsaya, sannan ya miƙo hannu. Muka je masallaci tare, muka dawo aka kawo dambu, muka ci a kwano ɗaya. Da muka wanke hannu na ce masa na zo da bayani amma na fasa, haƙuri nake ba shi. Ya ce an gaya masa ana ta gardama a guruf kan ko wariya ce ko ba ita ba.

"Ni ban san sunan abin ba, kai ne malami," in ji shi. "Na dai san duk wanda ya taɓa kirana da irin wannan, da sanda a hannunsa. Sai kai, da mutum goma sha ɗaya suna dariya."

Ya ƙirga su, ashe. Na ce ban san abin da ya same shi ba. Ya ce gaskiya ne, bai faɗa wa kowa ba, kuma ba ya jin sai mutum ya nuna tabon bayansa kafin a daina kiransa bawa. Ya ce ya haƙura. Da na tambaye shi ko zai dawo guruf, ya ce a bar wannan tukuna. Na nemi izininsa in rubuta abin da na ji, ya ce in rubuta, ya gaji da cewa zazzaɓi ne.

Komawa

Shi ya kai ni tasha a kan mashin ɗinsa, ya ɗaura mini kwano biyu na gero a leda ya ce a kai wa yara. Uku da minti goma muka tashi. Ban buɗe wa kowa shari'a a motar ba, har direban, wanda wani ne daban, ya tambaya ko Malam ba shi da lafiya. Mun tsaya la'asar a Kanya Babba, taya ta yi faci kusa da Achilafiya, muka shiga Kazaure shida saura kwata. Ina sauka wayata ta yi ƙara, Sabo ne, yana tambaya ko na isa lafiya. Minti ɗaya muka yi, amma shi ya kira.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Kabiru da furarsa, da Malam Dauda da masauki, da Sabo da ya ci abinci da ni alhali ba dole. Inna kuwa ban san irin godiyar da zan yi mata ba.

'Yan ajinmu da har yau kuke turo mini saƙo kuna tambaya a ƙarshe wariya ce ko ba wariya ba ce, ni na sauka daga kujerar alƙalanci. Wanda ya matsu ya sani, motar Babura tana tashi daga tasha tun takwas na safe, kuma Inna ba ta zuwa ko'ina. Ya je ya gaishe ta, ya zauna a tabarma, ya fassara mata kalmar da Hausa har ƙarshe.