Ranar Da Na Je Jiratawa Neman Wadda Ta Haife Ni

Ungozomar asibitin unguwarmu ce ta tayar da maganar. Ina da cikin fari a lokacin, bayan shekarun da na yi ina jira, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta auna tansiyona, ta ɓata fuska, ta ce jinina ya hau. Sai ta tambaye ni, "Mahaifiyarki ta taɓa yin jijjiga wajen haihuwa? Yakan bi dangi, kuma in akwai shi ba za mu bar ki ki haihu nan ba, babban asibiti za mu tura ki."

Na ce ban sani ba, don ni riƙona aka yi. Inna, wadda ta raine ni a Maraɗi, mai sayar da atamfa ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye mini ba. Abin da na kasa yi tun ƙuruciya shi ne in ce ina son ganin matar da ta haife ni, don kada Inna ta ga kamar na raina riƙonta. Yanzu ga hujja daga bakin asibiti. Maganar tsoro aka gaya mini, amma wallahi da murna na fito, ina tafe ina murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke dai da ma kina neman hanya. Tashi mu tafi, amma ba kan babur ɗin kabu-kabu ba da wannan tulun cikin." Abin da ta sani kaɗan ne. Matar 'yar Tsibiri ce, mijinta ya rasu ina jinjira, ita kuma ba lafiya, danginta suka miƙa ni. Tun daga nan ba ta sake leƙowa ba, don wadda ta ba da riƙo in tana yawan zuwa sai a ce ɗiyarta take so ta karɓe.

Muka ɗauki taksi zuwa Tsibiri. Na cika jaka da sabulu da turare da atamfa mafi tsada a shagon Inna, ina ta surutu a hanya har direba ya rage rediyo. Ko doguwa ce? Ko ita ma tana da wushirya? A Tsibiri muka sami tsohon gidan, wata tsohuwa ta ce ai matar ta daɗe da sake aure, tana Jiratawa, mijinta na noman rani. Tsohuwar ta kama haɓata ta juya fuskata, ta yi dariya ta ce ba sai an tambaya ba, ni da uwata kamar an tsaga kara. Don murna har na manta da nauyin ƙafafuna.

A Jiratawa yara suka nuna mana gidan, bayan fadamun albasa da zogale. Muka yi sallama. Wata budurwa ta fito, na ga goshina da haƙorana a fuskarta, na riƙe hannunta. Ƙanwata ce. A tsakar gida wata mata na zaune tana tsinke ganyen zogale a faifai. Ta ɗago, ta gane Inna, ta tashi da sauri ta durƙusa tana gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar kasuwa. Ni kuwa ta yi mini kallo ɗaya, ta ja mayafi ta kauda kai.

Na gaishe ta, ta amsa can ƙasa tana duban bango. Na ajiye jakar a gabanta, ta ce wa budurwar, "Kai kayan baƙuwa ɗaka." Baƙuwa! Raina ya ɓaci nan take, ni kuma ba na iya haɗiye fushi. Na miƙe na ce wa Inna, "Tashi mu koma. Ban zo roƙon kowa ya so ni ba. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, in ba za a amsa ba shi ke nan." Hawaye na zuba, kuma na ji haushin kaina da na yi kuka a gabanta.

Inna ta fizgo zanena ta zaunar da ni. "Ke wace irin sakarya ce? Ke ce ɗiyarta ta fari. So kike ta kira sunanki ta rungume ki gaban mutane, gaban ni da na riƙe ki?"

Na san kunyar ɗan fari, wa bai sani ba? Na ga maƙwabta da ba sa faɗin sunan babban ɗansu har su mutu. Amma ni na tashi a gidan da ake kiran sunana tun safe har dare, ban taɓa tunanin ni ɗiyar farin wata ba ce. Sai kunya ta kama ni, murnata kuma ta dawo fiye da da.

Inna ce ta yi tambayar ungozoma. Matar ta ajiye faifan, ta juya ga ƙanwata, ta yi magana kamar ba na wurin. "Ki gaya wa baƙuwar nan, a haihuwarta na kumbura har fuska. Na faɗi ina jijjiga, ban san inda nake ba, sai farkawa na yi na ji an yi suna. Yayata ma haka ta yi, ita ba ta tashi ba. Ki ce mata kada ta kuskura ta haihu gida. In ta ji ciwon kai ko ta ga duhu-duhu, ta tafi likita ko tana cikin tuƙa tuwo." Ƙanwata ta juyo da gaske za ta maimaita, Inna ta ce, "Bar shi, ta ji, kunnuwanta ƙalau," duk muka yi dariya, har ita a bayan mayafi.

Na sami abin da zan kai asibiti, kuma ba ƙaramin abu ba ne, tsoro ya shige ni sosai. Muka ci dambun zogale, matar ta turo mini kwanon ta hannun ƙanwata, ta hana a ƙara gishiri a nawa.

Da za mu tafi ta rako Inna har bakin mota, ta tsaya ta ba ni baya. Na riga na zauna sai na ji ta ce wa ƙanwata, "Tambaye ta wane wata ne. In Hajiya ta yarda, ni zan zo in dafa ruwan wankan jego, sai in fara tara itace."

Inna ta ce ta yarda, ai ita ba ta taɓa yi ba. Bakina ya buɗe zan amsa mata kai tsaye, sai na kama kaina. Na dubi ƙanwata na ce, "Ki gaya mata bayan Babbar Sallah ne. Ki ce ina jiranta."