Baba Ige, Mai Tsaron Jirgin Boyekai

Duk wanda ya san taubashina Baba Ige ya san ba a kusantar jirginsa da takalmi. Tun daga nesa zai daka maka tsawa: "Kai! Tuɓe! Gidan ubanka na?" Jirgin kuwa na sama ne, na yaƙi, ya faɗo a gonar geronsa a Boyekai lokacin yaƙin Turawa. Matuƙin ya fito lafiya, sojoji suka zo suka cire injin da bindigogi, suka bar gangar jikin. Daga ranar Ige ya daina noma wajen, ya naɗa kansa mai gadi.

Ni kuma maƙeri ne, kuma wallahi ban taɓa ganin farin ƙarfe mai kyan na fiffiken nan ba. Ina kallonsa ludaya nake gani. Ige ya sani, shi ya sa ni ko na tuɓe takalmi sai ya lalube aljihuna.

Mutane har daga Wurno da Maikujera suke zuwa kallo, yana zagayawa da su da sandarsa yana zuba bayani kamar shi ya ƙera. Wani ya nuna agogunan gaban matuƙi ya ce, "Baba, waɗanga hwa mi suka yi?"

"Wanga na hwaɗin azahar, wanga la'asar."

"Nasara na salla?"

"Shi ya sa yaf faɗo! Ba ya dubawa."

Rannan ya hau kujerar matuƙi don ya gwada wa baƙi yadda ake tuƙi, ashe rina sun yi gida a ƙarƙashi. Jama'a suka watse, shi ko yana zaune ƙyam, wai matuƙi ba ya barin jirgi. Kwana uku idonsa bai buɗe ba. Na je dubiya ina dariya, ya ce, "Yi dariyarka, raunin yaƙi na."

Har Baturen mulki ya zo gani, da tafinta da dogarai. Ige ya dubi ƙafarsa ya ce a gaya masa ya tuɓe. Tafinta ya ce, "Baba, rufa muna asiri, jirgin Sarkin Ingila na!"

"To shi zo shi ɗauka. Gonata ta."

Da idona na ga Bature yana tsallen ƙaya da safa!

Shekara da shekaru ina roƙonsa ko tafin hannu ɗaya na fiffiken. Na kai goro, na kai zabi, ya cinye ya hana. Da ciwo ya kwantar da shi, maƙeran Goronyo suka fara kewaye gonar, sai ya aika a kira ni. Na ce yau dai an tuna da zumunci.

Ya kama hannuna ya ce, "Amana na ba ka. Ka tsare jirgin nan."

"Ni? Ni da kas san mi nika so?"

"Awo. Duk ƙasag ga kai ab babban ɓarawon jirgi. In kai ad da tsaro, wa za a ji tsoro?"

Kun ga muguntar mutumin nan? Ya ɗaure ni da amana ya tafi abinsa. Har ƙafafuna suka gaza, gudumata ba ta taɓa jirgin ba, kuma duk ranar da na je share ƙarƙashinsa sai na yi hawaye. Allah Ya jiƙanka, Ige, Ya yalwata maka kabari, Ya haɗa mu inda babu rabuwa.