Dalmar da ta ƙi fita daga bindigar mahaifina

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Yohanna, ƙanin mahaifiyata, wanda mutanen Sabon Gari suka fi sani da Baba Mai Bindiga. Duk shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ga abin da zan faɗa bai wuce na kowa ba: mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Bana kam na sami abin faɗa, kuma daga bakin matarsa, Inna Saratu, na same shi.

Kawu ya daɗe yana aikin gyaran makamai na gwamnati, inda ƙananan bindigogin da ake ɗaurawa a ƙugu suka fi ratsa hannunsa. Da ya yi ritaya sai ya kafa benci a zauren gidansa, maharba na kawo masa bindigogin toka daga Zabi da ƙauyukan bayan Shika. Kusan kullum ciwon ɗaya ne. Maharbi zai narka dalma ya zuba harsashi da kansa, dalmar ta yi laushi, duk harbi sai ta bar shafe a cikin bututu, har bindiga ta fara kai saƙo inda ba a aike ta ba. Kawu ya yi ta yi musu faɗa kan rowar maiƙo da ƙyuyar wanke bindiga in an dawo daga daji. Kuma yana da doka guda: ba ya kankare wa kowa dalma. Mai bindiga ne zai zauna a tabarma da sandar ƙarfe da tsumma ya yi ta gurza, in ya gama Kawu ya ɗaga bututun ya leƙa ta hasken rana. In bai gamsu ba, bindiga ta kwana a wurinsa.

Ni malamin firamare ne a Samaru, ko kurciya ban taɓa harbi ba. Wata damina, shekara biyu kafin Kawu ya rasu, maƙwabcin gonarmu a Shika, Danjuma, ya matsa iyaka ya shigo mana. Mahaifiyata ta je ta yi masa magana, ya hankaɗe ta, ta faɗi a kan hannu, hannun ya karye. Da na gan ta an ɗaure shi da kara, tana ɓoye hawaye don kada in gani, wani abu ya tsinke a raina. Zan faɗa ba kwana-kwana tunda shekaru sun ja: na yi niyyar kashe Danjuma.

Na zaro tsohuwar bindigar mahaifina daga bayan rumbu. Ta shekara goma ba a taɓa ta ba, kuma ina tsoron ta fashe mini a fuska, saboda haka na naɗe ta a buhu, na hau acaɓa sai Sabon Gari.

"Malam, me ya haɗa ka da bindiga?" in ji Kawu.

"Birai ne suka addabi masara, Kawu."

Ya dube ni ta saman gilashinsa. Rabon Shika da biri tun ina ɗan yaro, kuma yayarsa ce aka karya, ya ma riga ni zuwa duba ta. Amma sai kawai ya leƙa bututun, ya girgiza kai, ya miƙo mini sanda da tsumma.

Haka na fara zarya. In an tashi makaranta in wuce Sabon Gari, in gurza har tafin hannuna ya yi kanta. Tsumma ya fito baƙi, in sake wani, har ya fara fitowa fes. Kawu ya leƙa ya ce da saura, in dawo gobe. Washegari in tura tsumma, ya fito da toka-tokar dalma kamar ban taɓa komai ba. Na ce masa anya wannan bindigar ba ta da aljanu? Ya ce tsohuwar dalma haka take, tana tsattsafowa daga jikin ƙarfe. Ni da nake koyar da kimiyya a aji shida na haɗiye wannan magana ba ko ruwa.

Bai taɓa yi mini wa'azi ba, ko sunan Danjuma bai ambata ba. Labarin maharba kawai yake ba ni, Inna Saratu ta kawo kunun gyaɗa. Amma mutum ba zai zauna awa uku yana gurzar ƙarfe bai yi tunani ba. Na fara ganin abin da ke bayan harbin: ni a kurkuku, matata da goyo, tsohuwa mai karyayyen hannu tana bin kotu. A kwana na tara dattawan unguwa da na coci suka zauna, aka mayar da iyaka, Danjuma ya durƙusa gaban mahaifiyata. A kwana na goma ban je Sabon Gari ba. Ban sake tambayar bindigar ba, shi ma bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Ubangiji, aka miƙa ta ga hukuma tare da sauran kayan aikinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa da wayar salula, fushi ba ya ma jiran a kai gida, kafin ka sauka daga mota an riga an zuga ka. Matasa kuma ba sa buƙatar bencin wani tsoho kafin su riƙe makami. Ina jin da zai yi tsaki ya ce an rage wa zuciya hanya.

Watan jiya na kai wa Inna Saratu doya. Muna hira na ce har yau ina mamakin waccan dalmar mai taurin kai. Ta yi dariya har da tari.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Tun ranar farko ka gama wanke ta. Kullum da safe yakan ɗauki guntun dalma ya goga a ciki kafin ka zo. Ya ce in na gaya maka, ni da shi ne."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin masu barin dalma a bindiga, shi ne ya kwana tara yana mayar da ita da hannunsa. Na yi dariya tare da Inna, sannan na fita ƙofar gida na zauna a dakali. Hamdala kawai nake yi.

Kawu bai bar gida mai bene ba, bencinsa ma gara ta cinye. Ni da Danjuma kuwa har yau ba ma ga maciji, gaisuwa ce kawai ta fatar baki. Ran Juma'ar da ta wuce na hango shi a kasuwar Samaru, ya yi furfura, ya saɓa jikarsa a wuya, yana ciniki da mai rake kamar zai yi dambe. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Bai san komai ba, kuma ba zan gaya masa ba.