Takardar Surukina

Kalmar nan ta Turanci, dismis, na san ta tun ina kwalejin horon malamai. Ba hutu ba ce, ba ritaya ba ce. Kora ce, ta tattara-naka-ka-tafi. Har jarrabawa na ci da ita, don haka ba ni da bakin cewa ban gane ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Sakkwato ba, kuɗin mai sun shigo, kowane ƙaramin ma'aikaci sai ya sayi babur. Ni ina koyarwa a firamare a Kebbe. Surukina, mahaifin matata, masinja ne a wani ofishin gwamnati a Tambuwal. Ya tsufa a kan aikin nan da kekensa da kakinsa mai guga, kuma bai iya boko ba.

Wata Asabar da hantsi ya zo gidana. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini ambulan.

"Malam, wagga takarda anka ba ni ofis. Mi sunka ce?"

Na buɗe, sai ga kalmar a layi na biyu. Na karanta sau uku, ko za ta canza. Ina! To, wane ne zai ɗaga ido ya ce wa surukinsa an kore shi? Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa.

Na ce, "Baba, hutu na anka ba ka."

"Na kwana nawa?"

"Wata guda."

Ya yi hamdala, har ya sa mini albarka. Na raka shi bakin hanya ina ce wa kaina kafin watan ya cika zan sami wani dattijo ya gaya masa. Gobe, jibi, gata, ban samu ba. Gaskiya ma ban nema ba. Ko matata ban faɗa wa ba.

Ranar da wata ya cika ya goge kaki, ya hau keke ya tafi aiki. Ya tarar da wani a kan bencinsa. Da ya yi magana, akawun ofishin ya fito ya fassara masa takardar da ƙarfi, a gaban direbobi da masu jiran sa hannu da mai sayar da goro. Aka ce har wani ya yi dariya. Ya turo kekensa da hannu har gida, bai hau ba.

Da labari ya iso ni na tafi Tambuwal, na zauna a ƙasa a zaurensa. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

"Malam," ya ce, "in da bakinka naj ji ta, da mu biyu munka sani."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu. Yana zuwa sunan 'ya'yana, yana amsa gaisuwata da fara'a. Amma duk takardar da ta zo masa bayan nan, sai ya sa ta a aljihu ya tafi Dogon Daji wajen wani tsohon malamin asibiti. Ko da ina zaune a zauren, ba ya miƙo mini.