Hajja Intisar da Tattabarun Amm Shahata

Kafin masu sayar da wake su gama jera tukwane a titin Helwan, Hajja Intisar ta isa asibitin ƙirji inda take aiki, da jaka cike da banjar, jan tushen nan mai rina hannu. Ta wanke, ta markaɗa, ta tace a kofuna. Sai tsofaffin ma'aikatan siminti su fara shigowa, kowa da irin tarinsa.

Shawarar likita ce. Ya ce akwai sinadari a banjar mai sassauta hanyoyin jini, wani majinyacin yakan ƙara nisan tafiya da shi, wani ba ya ganin canji, kuma ba a barin magani. Amma sa dattijo mai taurin kai ya sha, ya tashi ya taka, wannan aikin Hajja ne.

Ɗaya daga cikin majinyatan, Amm Shahata, wato Baba Shahata, yana da tattabaru a saman bene, numfashi ya hana shi hawa wurinsu. Ɗansa ya ce in Babbar Sallah ta zo bai hau ba, sayar da su za a yi. Ya fara shan ruwan, yana atisaye, sai kwatsam ya ɗauke ƙafa. Hajja ta bi shi gida, ta tarar ya tara 'ya'ya yana barin wasiyya.

"Hajja, tawa ta ƙare. Fitsarin jini nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika fara ɗura min jan ruwan nan."

"To ya Amm, ka sha ja, kore kake jiran gani? Gobe a gwada fitsarin, hankalinka ya kwanta."

"Kunyar gaya miki na ji."

"Wato gara ka mutu da ka ambaci fitsari a gabana."

Gwaji ya fito lafiya. Da ta bincika, ashe ba shi kaɗai ba ne, maza da dama sun daina sha a ɓoye, kowa yana jiran ajali. Tun daga nan duk sabon zuwa sai ta gaya masa a gaban jama'a cewa banjar na rina fitsari, a yi dariya, a sha.

Ta riƙa zuwa tana hawa benen tare da Amm Shahata. Ya huta a kowane hawa, ya fesar da iska a hankali kamar mai hura shayi. Ana saura kwanaki Sallah maƙwabta suka hango shi a sama yana kaɗa tuta, tsuntsaye suna kewaya shi. Huhun bai warke ba, wata rana ƙirji kan hana shi. Amma maganar sayarwa ta mutu.

Hajja, ke ce mai bin majinyaci har ƙofar gida. Ga shi watan nan kike ajiye aiki, ba lambar yabo, ba hoto a bango. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma da za ku karɓi kofunan, wanda duk ya ɗauke ƙafa ku je ku tambaye shi dalili, don mazan unguwar nan ba za su faɗa da kansu ba.