Kawu Direba Ya Hau Jirgi

Kawuna ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota, kuma shi duk nisan duniya da kwanan hanya yake auna shi. Ka ambaci gari, sai ya lumshe ido ya lissafo maka inda za a kwana da inda taya ke fashewa. Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru.

Yayarsa Goggo, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, aure ya kai ta wani birni can wata ƙasa tun ina cikin zane. Sau ɗaya ya taɓa kai kaya yankin, ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure. Daga nan magana ta ƙare. Duk wanda ya ce masa jirgi kafin yamma zai kai shi, sai ya yi tsaki.

"Ni za ku gaya wa hanya? Da ƙafata na taka ta!"

Haka shekaru suka yi ta tafiya, sai gaisuwa a waya. Da 'yar Goggo ta kira ta ce jikin tsohuwar ya yi tsanani, na saya mana tikiti, na ce ko ya so ko ya ƙi.

Wayyo, zo ka ga shiri! Tabarma, bargo, buta, tocila, har da sifanar kwance taya. A filin jirgi ma'aikaciya ta zaro sifanar tana kallona, na rasa inda zan sa fuskata.

Muka tashi. Ya ƙanƙame kujera, ya ce in tashe shi a zangon farko. Ko barcin bai yi ba. Ya sha shayi, ya leƙa taga, ya yi mitar ba a ganin hanya, can sai jirgi ya fara yin ƙasa.

Ya damƙi hannuna. "Inji ne ya samu matsala?"

"Mun iso, Kawu."

"Mun iso ina?"

Na faɗa masa. Ya dubi rana ta taga, ko juyawa ba ta gama yi ba. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Har muka shiga tasi bakinsa a buɗe yake, sai salati yake yi ƙasa-ƙasa.

Muka sami Goggo a kan gado, an jingina ta da matashi. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne."

Ta daɗe tana kallonsa. 'Yarta ta raɗa mini cewa tun bara ta daina gane mutane.

"Sannu, bawan Allah," in ji Goggo. "Ina da ƙane direba. Yana son zuwa, hanya ce ta yi masa nisa."

Kawu ya kifa kansa a bakin gadon.

"Babu nisa, Yaya," ya ce. "Wallahi babu nisa."